Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Damagaram Kan Farautar Namun Dajin Termit

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Bayan gaisuwa da ban girma, mu ne makiyaya, masu raƙuma da dattawan rijiyoyi na yankin Tasker da kewayen dutsen Termit. Mun kawo kukanmu fada ne saboda dajin da muka gada yana ƙarewa a kan idonmu.

Ranka ya daɗe, a 2012 gwamnatin Nijar ta keɓe Termit da Tin Tumma a matsayin gandun namun daji, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 97,000. Mun yi murna. Amma a ƙidayar da masana suka yi a watan Maris na 2016, farin gwankin sahara da ake kira adaks guda 3 kacal suka gani. Dabba ce mai juriya: tana shafe watanni ba ta sha ruwa ba, ɗanyar ciyawa da raɓa sun ishe ta. Gudu ne dai ba ta da shi. In mota ta bi ta cikin rairayi, ba a jimawa take faɗuwa tana haki, wani lokaci ma ba sai an ɓata harsashi ba.

Haka barewar nan mena, wadda ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu ke ɗauke da sunanta. Yaranmu sun san ta a jikin riga, kaɗan ne suka taɓa ganin sawunta. Jimina kuwa sai dai a je Kelle a leƙa ta cikin shinge.

Kakanninmu ma sun yi farauta, ba mu musa ba, amma da tarko da kare, kuma ba sa taɓa mai ciki. Na yanzu da babura suke zuwa cikin dare, su haske barewa da fitila ta tsaya cak, su harbe uwa, su ɗaure ɗan a buhu. Da safe sai mu tarar da sawun taya da kai da ƙafafu a yashe kusa da rijiya. Naman a busar, 'ya'yan kuma a kai birni a sayar wa masu hali su yi ado da su a tsakar gida. Da yawa ba sa kai wa gari da rai. Dokar farauta ta 1998 ta hana wannan, sai dai ma'aikatan gandun daji ba su da yawa, dajin kuma ba ya da ƙofa.

Shi ya sa muke roƙon Mai Martaba ya yi magana da manyan gari da attajirai su daina sayen 'ya'yan barewa, ko karɓarsu kyauta. In babu mai saye a Damagaram, ba wanda zai ƙona mansa ya shiga Termit. Muna kuma roƙon a umarci hakimai da masu unguwanni kada su ɓoye mafarauci ko su je belinsa, a sa limamai su yi huɗuba a kai. Sannan Sarki ya isar wa Gwamna cewa a ɗauki 'ya'yanmu aikin tsaron gandun, domin su suka san kowace rijiya da kowane tudu.

Maƙwabtanmu na Cadi sun dawo da wani irin gwanki mai dogon ƙaho, oriks, cikin dajin Wadi Rime tun 2016, bayan an ce ya ƙare a daji, yanzu har yana hayayyafa. Mu namu bai ƙare ba tukuna.

Muna jiran ranar da za a ba wakilanmu izinin zuwa fada su yi bayani baki da baki.

Allah ya taimaki Sarki.

Talakawanka,
Makiyaya da dattawan yankin Tasker da Termit