Sanarwa kan darasin Asabar: yadda ƙwayoyin zarra ke ɗaurewa

Assalamu alaikum ƴan aji. Na duba aikin gidanku jiya da dare. Da yawanku har yanzu kuna haɗa ɗaurin ayonik da na kobalan, shi ya sa ranar Asabar daga nan za mu fara.

Ku riƙe misalin gishirin miya, wanda sinadaran sodiyam da kulorin suka haɗu suka samar. Sodiyam yana da ilektron (ƴan ƙananan ƙwayoyi masu caji korau da ke kewaye tsakiyar zarra) 11, jerinsu hawa-hawa daga ciki zuwa waje 2, 8, 1. Kulorin yana da 17, wato 2, 8, 7. Ɗaya ne ya yi wa sodiyam yawa, ɗaya kuma kulorin ke nema ya cika takwas. Sai sodiyam ya miƙa, ya koma mai caji tabbatacce, kulorin mai caji korau, su manne: wannan shi ne ɗaurin ayonik. Ƙarfin riƙon ne ya sa gishiri ba ya narkewa a wuta sai zafi ya kai digiri 801 a ma'aunin Selsiyos. A ƙwayar ruwa kuwa babu mai ba wani kyauta, tarayyar ilektron oksijin da haidurojin biyu suke yi: wannan shi ne ɗaurin kobalan. Ɗaurin ƙarfe mu bar shi sai mako mai zuwa.

Kowa ya zo da ɗan gishiri da sukari a leda. Ni zan kawo batir, waya da ƙaramin ƙwan fitila, mu ga ruwan wanne zai kunna shi. Ƙarfe goma na safe, kada a makara don Allah.