Cin zali a wurin aiki: shirun shugabanni ne ke korar ma'aikata

Malam Edita,

Ina neman fili in ja hankalin masu kamfanoni da shugabannin ma'aikatu kan cin zalin ma'aikata. Ba tsawar rana ɗaya nake nufi ba. Heinz Leymann, masanin halayyar ɗan Adam da ya yi bincikensa a Suwidin, da maimaici ya auna shi: aƙalla sau ɗaya a mako, har tsawon wata shida. Misali, a cire sunan mutum daga takardar kiran taro, a ɓoye masa bayanan da aikinsa ke buƙata, a ɗora masa aikin kwana biyar a ce gobe ake so, sannan a dizga shi a gaban na ƙasa da shi.

Wanda ake yi wa haka ba ya ajiye aiki nan take. Zai fara kame bakinsa a taro, sai yawan neman hutun rashin lafiya, sai neman wani aikin a ɓoye. Ranar da ya kai kuka aka ce masa "yi haƙuri, halinsa ne", ranar ce zuciyarsa ke barin wurin, ko da ƙafarsa na zuwa.

Shawarata ga shugabanni ita ce, kada ƙorafi ya bi ta teburin wanda ake ƙara; a ware mutum biyu da za a iya zuwa wurinsu kai tsaye. A rubuta wa'adi, misali amsa cikin kwana uku, bincike cikin wata guda. A saurari kowa shi kaɗai. Babban kuskure ne a zaunar da mai ƙara da wanda ake ƙara sulhu tun farko, domin ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, ƙaramin zai janye ne don tsoro. In raba su ya zama dole, kada a ɗauke mai ƙara daga kujerarsa, abokan aiki za su ɗauka hukunta shi aka yi, ba wanda zai sake buɗe baki.

Ramuwa kuwa daga baya take zuwa, a rahoton auna ƙwazo da lokacin ƙarin girma. Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 2019, ta tanadi kare mai ƙara da shaidunsa daga irin wannan, don haka a sa ido aƙalla wata shida.

Shi kuma ma'aikaci ya riƙa rubuta rana, lokaci, abin da aka faɗa da waɗanda suka ji, ya adana a wajen kwamfutar ofis.

Na gode.
Wani mai karatu