Rahoton Kwamitin Gyaran Tsohon Cocinmu a Maradi

Ƴan'uwa a cikin Almasihu, salama a gare ku. Aikin da kuka ɗora mana ya kammala, an kwashe tsani da tarkacen gini, an koma yin Misa a ciki. Ga bayanin yadda ya gudana.

Matasa da yawa sun tambaye mu dalilin da ya sa ba a rushe ginin an tayar da sabo na bulo ba. Amsar tana cikin tarihinsa. A 1945 Gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohon garin Maradi da ke cikin kwari, Faransawa suka mayar da gari bisa tudu, suka yanka tituna miƙaƙƙu. Cocinmu ɗan wannan sabon gari ne, an gina shi kafin Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, zamanin da limaman Redamtoris, wata ƙungiyar limaman Katolika, ke riƙe da aikin mishan a ƙasar. Yawancin waɗanda suka fara durƙusawa a cikinsa baƙi ne daga Dahome (Benin ta yanzu) da Togo da Hot Bolta (Burkina Faso ta yanzu), ma'aikatan ofis da na kamfanonin sayen gyaɗa. Jikokinsu na nan cikinmu, Hausa suke yi kamar kowa. Ginin ya girmi dayosis ɗin Maradi kanta, wato yankin da bishop ke kula da shi, wadda aka kafa a 2001, Bishop Ambroise Ouédraogo ya zama shugabanta na farko. Abu irin wannan ba a sa masa diga don kawai ya tsufa.

Tsarinsa na Turawa ne: zaure ɗaya dogo, bagadi a ƙurya, ƙaramar hasumiyar ƙararrawa a gaba. Amma hannun da ya ɗora shi na maginan ƙasar nan ne. Harsashin na marmara, bangon na tubali mai kauri, tagogin kuma ƙanana ne can sama, suna fuskantar juna don iska ta ratsa. Shi ya sa a watan Afrilu, lokacin da rana ke dukan gari, mutum kan shiga ya ji sanyi ko babu fanka.

Da aka kware rufin ne muka ga girman ɓarnar. Gara ta cinye katakan da ke riƙe da kwano. Kafinta ya danna ɗaya da babban yatsa, yatsan ya shige, ƙasa ta zubo masa a hannu, alhali daga ƙasa fentin yana nan lafiya lau. A ƙarƙashin wannan katako ƴan kwaya ke zama kowace Lahadi. Allah ne kawai ya kiyaye. An sauke su duka, an sa ƙarfe, an ɗora sabon kwano, an kuma tsawaita bakin rufin don ruwa ya riƙa zuba nesa da gindin bango.

Kan bangon ne aka fi jan magana a kwamiti. Shekarun baya an shafa wa gefen gabas siminti, da kyakkyawar niyya, tun da daga can ruwan damina ke bugowa. To, siminti ba ya kama jikin ƙasa. Ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, tubalin da ke ciki ya jiƙe ya ruɓe. In ka ƙwanƙwasa sai ka ji amon rami. Wasu sun so a ƙara wani simintin a huta da yaɓe. Wani dattijon magini, Musulmi maƙwabcinmu, shi ya zagaya da mu ya nuna mana cewa sauran ɓangarorin da ba a taɓa ba sun fi lafiya. Muka bi shawararsa, kuma har yau muna ganin daidai muka yi. Aka ɓamɓare simintin, aka cike gurbin da sabon tubali, aka bar shi ya bushe sosai da iskar hunturu, sannan aka yi yaɓe da jar ƙasa da makuba. Neman makubar ma sai da ya ja mu ƙauye, don masu haɗa ta daga ɓawon ɗorawa sun yi ƙaranci a gari.

Hasumiya ba ta buƙaci komai ba sai toshe tsaga da sabuwar igiya. An wanke daɓe, an yi wa ƙofofi fenti.

Kuɗin ya fito ne daga baikon Lahadi na musamman, da gudummawar zumuntar mata, da abin da ƴaƴan ikilisiya mazauna Yamai da Kano suka aiko. Matasa kuwa ƙarfinsu suka bayar, su suka ɗebi ruwa suka kwaɓa ƙasa ba a biya su ko dala ba. An liƙa cikakken lissafin shiga da fita a allon sanarwa, ma'aji na nan bayan Misa ga mai tambaya. Ba a bin mu bashi.

Abin da bai samu shiga wannan zagaye ba shi ne wayoyin lantarki, waɗanda suka tsufa ƙwarai, da bencunan baya da ke girgiɗi. Muna kuma roƙon majalisar ikilisiya ta ware kuɗin duba yaɓe kowace shekara kafin ruwan farko, ta naɗa mutum biyu da za su riƙa hawa suna share indararo. Mun miƙa wa Fada makullai da takardun aikin ranar da aka sa wa ginin albarka.

Kwamitin Gyaran Coci, Maradi