Asirin Wa Ake Rufawa a Aikin Jin Daɗin Jama'a?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan aikin jin daɗin jama'a, wato hidimar da jami'an ma'aikatun mata da walwala, da ma'aikatan gidajen marayu, da 'yan ƙungiyoyin agaji suke yi wa mutanen da rayuwa ta yi wa nauyi. Na yi wannan aiki a ƙaramar hukuma har na yi ritaya, kuma abin da ke damuna a yau shi ne yadda sha'anin sirri ya birkice mana. Asirin mai rauni, wanda doka da addini suka ce a rufa, shi ne ake bazawa a waya, asirin azzalumi kuwa, wanda doka ta ce a kai gaban hukuma, shi ne ake taruwa a zaure a binne.

Duk wanda ya taɓa halartar rabon kayan azumi ya san yadda abin yake gudana. Ana jera matan da mazajensu suka rasu a gaban ƙyalle mai ɗauke da sunan mai bayarwa, a ɗora wa kowacce ƙaramin buhun shinkafa da galan ɗin mai, sannan wani yaro mai waya ya ce, "Baba, ɗago kanki ki kalli nan." Idan ta ja hijabi ta rufe fuska sai a ce ta saukar, domin hoton ba zai yi kyau ba. Kafin ta isa gida hotonta ya shiga Facebook, surukan 'yarta sun gani, kishiyar 'yar ma ta gani ta ajiye don ranar gori. Matar da ta yi shekaru tana wankau da surfe don kada maƙwabta su san halin da take ciki, a yini ɗaya an sanar da duniya cewa ba ta da abin buɗa baki.

Idan aka yi magana sai a ce ai ta yarda, ga ma takardar da ta dangwala wa hannu. Takardar nan da Turanci aka rubuta ta, ba wanda ya karanta mata, kuma an miƙa mata ita ne a daidai lokacin da buhun yake gabanta. A ƙa'idar wannan aiki, amincewa ba ta inganta sai mutum ya fahimci abin da za a yi da hotonsa ko labarinsa, kuma ya tabbata cewa ko ya ƙi ba za a hana shi taimakon ba. Doka ma ta bi wannan hanya. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin sirrinsa, sannan Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta ƙara tsaurara sharaɗi a kan bayanan lafiya da bayanan yara, inda ta ce sai da izinin iyaye ko mai riƙo. Tun kafin waɗannan duka, aya ta 264 a Suratul Baƙara ta gargaɗe mu kada mu ɓata sadaka da gori da cutarwa. Na san hujjar ƙungiyoyi, cewa masu ba su kuɗi suna neman shaida, kuma hujja ce mai ƙarfi, domin an sha cinye kayan marayu. To amma rajistar waɗanda suka karɓa, da rasit, da hoton kayan ko na layi daga baya, duk shaida ne, kuma babu ɗaya daga ciki da yake buƙatar fuskar tsohuwa.

Abin ya fi muni idan yara ne. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa da ke Kaduna, suka fitar da mutum sama da 300, cikinsu har da ƙananan yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, kuma bayan 'yan makonni aka buɗe wani a Daura. Ceton ya yi daidai, tona abin da ake yi a ciki ma ya zama dole. Sai dai an nuna fuskokin waɗanda aka ceto a sarari, tare da labarin irin cin zarafin da wasunsu suka ce an yi musu, kuma hotunan suna nan a intanet har gobe. Yaron da yake da shekara 12 a lokacin yanzu ya zama saurayi, zai nemi aiki, zai nemi aure, kuma ba shi da ikon goge abin da ba a nemi izininsa ba wajen ɗauka.

Wani zai ce, ai hoto ne ya ceci yaran da aka gurfanar a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ranar 1 ga Nuwamba, 2024, saboda zanga-zangar watan Agustan shekarar, lokacin da wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, jama'a suka fusata, cikin 'yan kwanaki Shugaban Ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma a can hukuma aka tona wa asiri, kuma yaran ne suka amfana. A wurin rabon shinkafa da gidan marayu kuwa, mai bayarwa ne yake samun suna, mai karɓa ya tafi da kunya. Ko a shari'ar Abujar ma, da an lulluɓe fuskokin, ramar jikinsu kaɗai ta isa ta tayar da hankalin duk mai imani.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren, wanda shi ne ya fi ci mini rai. Uwa takan zo ofis da sassafe riƙe da hannun yarinya 'yar shekara 9, ta rage murya ta ce yarinyar ba ta iya zama sosai, kuma ta ambaci sunan wani a gidan ko a maƙwabta. Kafin azahar baffanni sun iso, wani lokaci tare da mai unguwa, kowa da magana mai taushi: "Hajiya, a rufa asiri. Yarinyar nan mace ce, gobe aure za ta yi. Ƙaddara ce, za mu kashe maganar a gida." Sau da yawa wanda ake zargi ya riga ya aiko da kuɗin magani. Jami'ar da ke zaune a wannan kujera 'yar garin ce, mijinta yana sallah a masallaci ɗaya da mutanen nan, kuma ta san idan ta ƙi za a ce ita ce ta tona asirin zuri'a. Ana cikin wannan kai-komo lokaci yana tafiya, alhali maganin da ke kare wanda aka yi wa fyaɗe daga kamuwa da cutar ƙanjamau sai an fara shan sa cikin awa 72, kuma shaidar da likita zai iya samu tana gushewa da zarar an yi wa yarinyar wanka an wanke tufafinta. Akwai cibiyoyin da aka buɗe domin irin wannan, kamar Waraka a Kano da Salama a Kaduna, amma iyalai da yawa ba sa zuwa sai bayan an gama zaman sulhu an watse.

A nan ya kamata kowane ma'aikaci ya san cewa riƙon sirri yana da iyaka. Haƙiƙa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma wanda ba ya iya riƙe magana bai dace da wannan aiki ba, amma idan rai ko lafiyar wani yana cikin haɗari, musamman yaro, shiru ya zama taimaka wa mai laifi. Ba mu kaɗai muka yi fama da wannan tambaya ba. A Amurka wani ɗalibi ya shaida wa likitan ƙwaƙwalwarsa a 1969 cewa zai kashe wata budurwa, ba a sanar da ita ko iyayenta ba, ya kuwa kashe ta, sai Kotun Ƙolin jihar Kalifoniya ta yanke hukunci a 1976 cewa wajibi ne ma'aikaci ya ɗauki matakin kare wanda ake shirin cutarwa ko da hakan zai kai ga buɗe sirri. A wurinmu, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta buɗe ne da cewa maslahar yaro ita ce gaba da komai a duk matakin da za a ɗauka a kansa, kuma jihohi sun riƙa yin tasu ɗaya bayan ɗaya, har Kano ta samu Dokar Kare Yara a 2023. Fyaɗe laifi ne da hukuma ke gurfanarwa, ba rigimar bashi ko ta iyakar gona ba ce da dattawa za su raba. Masu kawo hadisin rufa wa Musulmi asiri a irin wannan zama su tuna cewa aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar bayyana zaluncin, kuma malamai sun daɗe da bambanta laifin da mutum ya yi tsakaninsa da Ubangijinsa da wanda ya shafi haƙƙin wani.

Babbar mace mai hankalinta hukuncinta daban ne. Idan ta zo ta ce mijinta yana dukanta amma ba ta so a kai shi ƙara, aikin jami'i shi ne ya bayyana mata haƙƙinta da hanyoyin da ke gabanta, ya rubuta abin da ya gani, ya bar mata zaɓi, sai fa idan ya ga ranta ko na 'ya'yanta yana cikin haɗari. Abin da ya fi dacewa shi ne tun a zaman farko a gaya wa kowa iyakar sirrin, don kada daga baya ya ga kamar an ci amanarsa.

Abin da nake so masu karatu su lura da shi shi ne, laifin farko, wato tallata mai rauni, shi ne yake haifar da na biyu, wato rufa wa azzalumi asiri. Baffannin nan ba duka ne mugaye ba. Sun ga abin da ya sami waɗanda suka kai ƙara: an ɗauki bidiyon yarinya a caji ofis, an ambaci unguwarsu da sana'ar mahaifinta a rediyo, labarin ya zaga WhatsApp, shari'ar kuma ta yi ta jan ƙafa har iyayen suka gaji suka tashi daga unguwar. Wanda ya ga haka da idonsa, me zai sa ya kawo tasa 'yar? A 2020 jihar Kaduna ta yi dokar dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe, dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane, wato VAPP, ta 2015 kuma ta tanadi ɗaurin rai da rai da rajistar masu irin wannan laifi, amma hukunci komai tsananinsa ba ya hawa kan wanda maganarsa ba ta isa kotu ba. Idan ana so iyaye su daina ɓoyewa, sai sun tabbata cewa hukuma za ta kama mai laifi ba tare da ta tallata 'yarsu ba.

Ofisoshinmu ma ba a shirya su don riƙon amana ba. A wurare da yawa ɗaki ɗaya ne da tebur uku, mai ƙorafi tana magana masinja da mai jiran sa hannu suna saurare, fayil yana cikin kabad marar makulli, kuma saboda rashin kayan aiki jami'ai suna tura hoton rauni da sunan yaro ta wayoyinsu na kansu, wayar da 'ya'yansu suke wasa da ita da dare. A waje kuma duk mai waya da mabiya ya zama mai taimakon marayu da marasa lafiya, ya ɗauki majinyaci tsirara a kan gado, ya sa lambar asusunsa a ƙasa. Wasunsu sun ceci rayuka da gaske, Allah ya saka musu, amma babu mai bincika nawa aka tara da nawa aka kashe, kuma majinyacin ba ya da inda zai kai kuka. Dokar 2022 da ta kafa Majalisar Aikin Jin Daɗin Jama'a ta Najeriya an yi ta ne don a yi wa masu wannan sana'a rajista, a kuma ladabtar da wanda ya karya ƙa'ida, kamar yadda ake yi wa likitoci da ma'aikatan jinya. Amfaninta ba zai isa ga talaka ba sai ya san da ita, ya kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa a jiharsa.

Malam Edita, ku ma kuna da hannu a ciki, kuma ina faɗin haka ne da girmamawa. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilori a 1998 sun hana bayyana yaro ɗan ƙasa da shekara 16 da wata shari'ar lalata ko ta aikata laifi ta shafa, ko shi aka cuta, ko shaida ne, ko shi ake tuhuma. Sakaya suna kaɗai bai wadatar ba, domin idan aka rubuta shekarun yarinya da unguwarsu da makarantarsu, aka ce mahaifinta mai shayi ne a bakin tasha, duk garin ya san ko wace ce. Ina roƙon ku riƙa tace irin waɗannan bayanai kafin bugawa, ku kuma daina karɓar hotunan rabon kaya masu nuna fuskokin mabuƙata, ko da daga ofishin gwamnati suka fito. Ina kuma roƙon ku tura wakilanku ma'aikatun mata da walwala na jihohinmu su tambayi kwamishinoni ko jami'ansu na ƙananan hukumomi suna da ɗakin ganawa na keɓe, ko an fassara takardar amincewa zuwa Hausa a rubutun boko da na ajami, da kuma inda uwa za ta kai ƙara idan jami'i ya haɗa baki da dangi aka danne maganar 'yarta, sannan ku buga mana amsoshin da suka bayar.

Wassalam.

Daga wata tsohuwar jami'ar jin daɗin jama'a.