Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Lafiya ga Membobin Ƙungiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai Unguwa, malamanmu limamai, iyayenmu dattawa maza da mata, da sauran 'yan uwa membobi, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekara. Allah Ya jiƙan waɗanda muka fara ta da su amma ba su kai ƙarshenta ba. Shugaba ya umarce ni, a matsayina na sakataren kwamitin lafiya, in kawo muku bayanin abin da muka yi da amanar da kuka ɗora mana. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanta shi a zaman taro. Ni labarin aiki zan bayar, da inda muka dace da inda muka gaza.

Mun fara da hunturu. Abin da muka fi nanatawa gida-gida shi ne kada a kwana da kaskon gawayi a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga, kada kuma a shigar da janareta soro ko ɗaki saboda tsoron ɓarawo. Iskar da ke kisa a wannan hali ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci yake yi ya wuce. Mun kuma koya wa iyaye mata ƙirga numfashin yaro mai tari. Ɗan wata 2 zuwa 11 idan yana numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 yana yin 40, ko haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, wannan ya wuce mura, asibiti za a nufa.

Da bazara ta kama muka koma kan sanƙarau: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, sandarewar wuya, a jariri kuma kumburin maɗiga. Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar na cutar, a 2024, kuma mun roƙi jama'a su fito duk lokacin da aka kawo ta. Kafin azumi Malam Liman ya taimaka mana ƙwarai, ya tunatar da masu ciwon suga da hawan jini cewa Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame, su ga likita tukuna a daidaita musu lokutan shan magani.

Damina ita ta fi cinye mana ƙarfi. Matasanmu sun fito yashe kwatoci a ranakun tsaftar muhalli na Asabar ɗin ƙarshen wata, Allah Ya yi musu albarka, ko da yake leda tana komawa kwata kafin mako ya zagayo. 'Yan sa-kanmu mata sun raka ma'aikatan da ke raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda ake ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 sau ɗaya a wata, daga Yuli zuwa Oktoba. Maganin na kwana uku ne. Ma'aikaciya ke ba da na ranar farko, uwa ke ba da sauran biyun, kuma a nan gizo yake saƙa. Mun tarar da wadda ta ajiye nata sai ranar da yaro ya kwanta, da wadda ta raba wa yayyensa don kada a ce ta nuna bambanci. Ba mugunta ba ce, ba a yi musu bayani ba ne. Daga zagaye na biyu sai muka riƙa komawa gidajen a rana ta biyu da ta uku. Haka maganin zazzaɓin da ake bayarwa bayan gwajin jini: kwana uku ne cur, ba a dainawa don jiki ya yi sanyi a rana ta biyu.

Kan gudawa kuwa, har yanzu muna fama da maganar "ai haƙori ne". Gudawa ko daga ina ta fito, ruwan jikin yaro take zubarwa. Mun nuna yadda ake haɗa garin gishiri da suga na leda, tare da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Idan dare ne babu na leda, a sami tafasasshen ruwa lita ɗaya da ya huce, a zuba suga ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo, kuma kada a tsayar da nono.

A tsakiyar daminar ne abin da ya sauya mana tunani ya faru. Wani yaro a unguwar nan ya tashi da zazzaɓi da yamma, cikin dare ya fara jijjiga. Mahaifiyarsa tana zuwa duk zaman wayar da kai da muke yi, ta san alamomin haɗari sarai, ta ma taɓa karanta su a gaban mata. Amma maigida ya yi tafiya, wayarsa ba ta shiga, babu kuɗi a ɗaki, kuma ba ta saba fita ba tare da izini ba. Sai da gari ya waye aka kai yaron, kafin azahar Allah Ya karɓi abinSa. Mun yarda da ƙaddara, amma da muka zauna a kwamiti babu wanda ya iya ɗaga ido. Mun shafe watanni muna yi wa mata bayani, alhali izinin fita da kuɗin mota suna hannun waɗanda ba mu taɓa zama da su ba.

Tun daga ranar muka juya akalar aiki. Muka riƙa bin majalisun maza bayan sallar isha'i, da teburin mai shayi, da ƙofar masallaci. Roƙonmu ga kowane magidanci abu biyu ne. Ya faɗa wa iyalinsa da bakinsa, a gaban mahaifiyarsa in tana gidan, cewa duk ranar da yaro ko mai ciki ya shiga wani hali a tafi asibiti ba sai an jira shi ba. Sannan ya bar ɗan wani abu a gida wanda ba na cefane ba. Wasu sun ji nauyin maganar, wani dattijo ma ya ce muna shiga sha'anin gidajen mutane. Malam Liman ya ɗauki batun a huɗuba, ya yi bayanin haƙƙin iyali a kan maigida da wajibcin kare rai, daga nan abin ya yi sauƙi. Masu a-daidaita-sahu na unguwa su ma sun amince a buga musu ƙofa ko waya cikin dare, a biya daga baya. Lambobinsu na wajen Mai Unguwa da shugabar mata. A ganina wannan shi ne aiki mafi girma da muka yi bana, kuma bai ci wa ƙungiya ko kwabo ba.

Darasin ya kai mu ga kakanni, don maganar jego a hannunsu take. Mun zauna da su cikin ladabi, ba mu je da sunan gyara musu al'ada ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego. Kanwa danginsu ɗaya da gishiri, tana tara ruwa a jiki ta ɗora wa zuciya nauyi. Abin da muka roƙa shi ne a yi wankan da ruwa mai ɗumi, a sassauta kanwa, kuma mai jegon da ƙafafunta suka kumbura ko take haki in ta kwanta a garzaya da ita asibiti. Mun yi maganar dakashi, kada a matse a zubar, da nonon uwa zalla har wata 6. Wata Hajiya ta tambaya yadda jariri zai rayu babu ruwa a zafin Kano. Amsar da unguwarzoma ta ba ta ita ce uwar za a ba ruwan, shi kuma a yawaita sa shi a nono. Ba duka suka gamsu ba, za mu koma.

Batun rigakafin yara ya ɗan yi sauƙi tun bayan annobar mashaƙo da ta addabi Kano a 2023, don mutane sun ga abin da idonsu. Matsalar yanzu ita ce rashin kammalawa. Ana zuwa na ranar haihuwa da na sati 6, sai a manta na sati 10 da 14, balle na ƙyanda a wata 9 da wata 15. Akwai kuma tambayar da ake yi mana kullum: me ya sa ɗigon shan-inna ke zuwa har ƙofar gida kyauta, amma maganin zazzaɓi sai an saya? Tambaya ce mai tushe, ba ma raina mai yin ta. Muna tunatar da shi cewa da ɗigon ne aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a 2020, sannan mu ɗauki kokensa mu kai gaba. Haka muka kai ƙorafin matan da suka ce ana yi musu tsawa a wani wurin awo, ta hannun kwamitin ci gaban mazaɓa.

Inda muka gaza shi ne hawan jini. Muna awo kyauta bayan sallar Juma'a, duk wanda ya kai 140 bisa 90 a maimaita masa wata rana, in bai sauka ba a tura shi asibiti, don mu ba ma rubuta magani. Muna gaya wa masu girki cewa gishirin da babba ke buƙata a yini bai kai giram 5 ba, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Sai dai da yawa sun fara magani sun daina, wasu don tsada, wasu don ba sa jin ciwon komai. Ba mu bi su ba, laifin namu ne. Zaman da muka yi alkawari da matasa kan shaye-shaye shi ma bai yiwu ba.

Abin da muke nema a wajenku a shekara mai zuwa: ƙarin mata 'yan sa-kai, musamman daga layukan bayan makaranta inda ba mu da kowa, da na'urar awon hawan jini ta biyu don ɓangaren mata, da mutum biyu da za su riƙe littafin masu hawan jini su riƙa leƙa su duk wata. Mai sha'awa ya ba shugabar mata ko ni sunansa kafin a tashi daga taro.

Wassalamu alaikum.
Sakataren Kwamitin Lafiya