Alhaji ya fasa gilashin motarsa alhali makullin na cikin aljihunsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da masu motoci, musamman irin na zamanin nan da ake tayarwa da danna maɓalli. Ni ba makanike ba ne, ko mota ban mallaka ba, babur gare ni. Sana'ata gyaran agogo ce a babbar kasuwar Garwa, kuma gadonta na yi. Tun da wayar hannu ta zo mutane suka rage ɗaura agogo, abin da ke riƙe da teburina yanzu shi ne ƙananan baturan nan masu kama da kwabo, waɗanda muke ce wa pil a nan Kamaru. Yawancin masu sayensu kuwa masu mota ne da rimot ɗinsu ya mutu.

Wata Litinin cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, wani Alhaji mai fataucin hatsi ya sauka daga babur a gabana ransa a ɓace. Ranar Lahadi ya je cin kasuwar Pitowa da ke kusa da Garwa, ya ajiye motarsa a rana tun hantsi. Da la'asar ya dawo ya danna rimot, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Jama'a suka taru, kowa da tasa dabarar: wani ya ce a goga rimot ɗin a riga ya yi ɗumi, wani ya ce a ɗora shi a ka, wani ma ya ce sammu ne. Kuɗin cinikinsa da wayarsa ta biyu duk suna ciki, magariba kuma ta kawo jiki, sai ya sa aka fasa ƙaramin gilashin baya. An shiga, amma mota ta ƙi tashi, wai ba ta ga makulli ba. Haka ya bar yaronsa ya kwana gadi.

Na karɓi rimot ɗin, na tura wani ɗan ƙaramin sakata da ke jikinsa da farce, na ja. Sai ga makullin ƙarfe siriri ya fito. Alhaji ya yi salati, ya ce, "Malam, wannan dama a ciki yake?" Na ce, "A ciki yake Alhaji, tun daga kamfani." Shekara uku yana yawo da shi a aljihu. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Ban ga laifinsa ba, domin ba wanda ya taɓa nuna masa. Kusan duk rimot na motar da ba a zura mata makulli yana ɗauke da wannan ƙarfen, kuma aikinsa buɗe ƙofar direba da hannu. A yawancin motocin Toyota ramin makullin a fili yake a jikin mariƙin ƙofa. Wasu motocin kuwa, kamar na Volkswagen da Hyundai da Ford, an rufe ramin da ɗan murfin roba don ado. Ka leƙa ƙarƙashin murfin za ka ga wata 'yar ƙaramar kafa, ka zura bakin makullin a ciki ka ɗaga a hankali, murfin zai fita. A hankali na ce, domin na ga waɗanda suka ɓalle shi da sukudireba suka kuma kankare fenti. Wata motar za ta fara ihu da zarar ka buɗe ta haka, tana zaton ɓarawo ne. Kada ka ruɗe, da ta tashi za ta yi shiru.

Tayarwar ce mutane suka fi mamaki. A cikin rimot akwai wani ɗan ƙwayar lantarki da ba ya buƙatar batir ko kaɗan. Motar ce ke ba shi ƙarfi idan ya matso daf da ita, shi kuma ya amsa mata da lambar sirrinsa. Don haka a irin su Toyota sai ka taka burki, ka manna rimot ɗin a jikin maɓallin tayarwa, ka ji ta yi ƙara kaɗan ko fitila ta canja, sannan ka danna. Wasu motocin an yi musu wuri na musamman, wani a gefen sitiyari, wani a cikin akwatin da ke tsakanin kujerun gaba, inda ake ajiye rimot ɗin. Littafin motar ya faɗi wurin, in dai an ba ka littafin, kuma in ba da Jamusanci ko Japananci ya zo ba. Da Alhaji ya san wannan, da a gida ya yi sallar isha'i.

Amma babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, sanin akwai makullin bai isa ba, sai an gwada shi. Motocinmu na nan arewa galibi na hannu ne, sun sauka a Duwala ko Kwatano bayan sun gama aiki a Turai ko Amurka. Wata an ɓatar da rimot ɗinta na asali tun can, aka sayo wani aka haɗa shi da kwamfutar motar. Rimot na aiki sumul, mai saye ya ji daɗi, amma ƙarfen da ke ciki ko dai na wata mota ne daban, ko kuma santal yake ba a taɓa yanka masa haƙora ba. Na zare irin wannan a gaban masu shi ya fi a ƙirga. Ya faru da surukina ma. A hanyar Marwa, wajen Figil, ya tsaya sallah, rimot ya ƙi, ya tuna abin da na koya masa ya zaro makulli yana murmushi, sai makulli ya shiga rami ya ƙi juyawa. Har yau in mun haɗu sai ya ce ni na cuce shi.

Akwai kuma ƙura. Ramin da aka shekara huɗu ko biyar ba a zura masa komai ba, ga hazo na hunturu, ga ruwan damina, ga masu wankin mota da ke fesa ruwa da ƙarfi, dole ya cije. Ni da nake aikin agogo na san abin da ƙura ke yi wa ƙananan ƙarafa. Ka riƙa zura makullin kana juyawa ko sau ɗaya a wata biyu. In ya yi tauri ka fesa ɗan man kwaɗo, kada ka zuba bakin mai ko giris, domin su ke kama ƙura su zama laka. Kuma kada ka murɗa da filaya, ƙarfen siriri ne, in ya karye a ciki ka shiga uku.

Wani abin da ake mantawa: ba rimot kaɗai ke mutuwa ba. In babban batirin motar ne ya sauka, ko da sabon pil ka sa ƙofa ba za ta buɗe ba, kuma madannin buɗe bonet yana ciki. A ranar, wannan ƙarfen ne kaɗai zai kai ka wajen batir.

Game da pil kuwa, wanda aka fi amfani da shi shi ne CR2032, mai ƙarfin bolt 3. Lambar ma bayani ce: faɗinsa milimita 20, kaurinsa 3.2. Wasu rimot ɗin na cin CR2025 ko CR1632, don haka ka duba lambar tsohon kafin ka saya. Rimot ba ya mutuwa rana ɗaya, yana ba da alama: da kana buɗewa daga nesa, yanzu sai ka matso. Kasuwa cike take da jabu, ni ma mai sayarwa ne amma gaskiya sai an faɗe ta. In za ka ajiye na ko-ta-kwana, sa shi a walat ɗinka, ba a cikin motar da za ta kulle ka a waje ba. Tsohon kuma a jefar da shi inda yara ba za su gani ba, domin in yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙogwaro cikin 'yan awoyi, sai a ruga asibiti nan take.

Ina kira ga dillalan motoci na Garwa da Marwa da Gaundare har Kuseri, ranar da za ku miƙa mota ku zare makullin a gaban mai saye, ya buɗe ƙofa da hannunsa. Minti biyu ne. Mai saye kuma kada ya cika kuɗi sai ƙarfen ya juya, in bai juya ba a yanka masa wani a kuɗin dillali.

Shi Alhajin nawa sefa 500 na karɓa a hannunsa. Kuɗin gilashin kuwa ban tambaye shi ba, na dai ga motar bayan mako biyu da leda a manne a wurin.

Naka,
Wani mai gyaran agogo, Garwa