Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Manoman Waken Suya, Tudun Wada

Assalamu alaikum iyayenmu dattawa da sauran ƴan uwa mambobi, barkanmu da kammala girbi lafiya.

Taron wata-wata dai bai yanke ba alhamdulillahi, lissafin kuɗi kuma ma'aji zai karanto shi ranar zama, ba sai na tsaya nan ba.

Abinda ya fi cin lokacinmu bana shine tsatsar ganye. Bara da yawanmu mun ga ganye ya yi ɗorawa ya kakkaɓe tun kwanso bai cika ba muka ce ai nuna ce, ashe ciwo ne, da aka zo casa ƙwaya duk ta tsamure ba nauyi. Shi yasa muka roƙi malamin gona ya shiga gona da mu, ya tsuguna ya juya ganyen ƙasa ya nuna mana ƴan ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa a bayansa, in ka murza sai wani gari ya maƙale maka a yatsa. Iska ke kwasar garin nan daga gona zuwa gona, kuma yana son laima da raɓar da ke daɗewa a ganye, irin ta Agusta da Satumba.

Mun haɗa kuɗi mun sayo magani a dunƙule, mai sinadarin mankozeb wanda kariya yake a saman ganye ruwan sama na iya wanke shi, da mai tebukonazol wanda ke ratsawa cikin ganyen. Waɗanda suka yi feshi tsakanin fure da fara kwanso, suka karkata bakin famfo maganin ya taɓa bayan ganye, wallahi gonarsu ta riƙe kore har ƙwaya ta cika, ranar awo kowa ya gani. Masu jira sai ganye ya ƙone kam sun zubar da kuɗinsu ne, magani baya tada ganyen da ya mutu.

Abu ɗaya ya ɓata min rai gaskiya. Wani ɗan uwa ya ari famfon ƙungiya da aka yi feshin ciyawa da shi, ba a wanke ba, kunyoyinsa na bakin hanya suka ƙone ƙurmus. Ga yaranmu da ke feshi ba takunkumi ba safar hannu, don Allah iyaye a tsawatar.

Baɗi in Allah ya kaimu muna neman irin TGx 1835-10E na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, yana jure tsatsa kuma yana nuna da wuri. Mai so ya ba da sunansa da yawan kwanon da yake buƙata kafin zama na gaba.

Naku,
Sakataren ƙungiya